Jules Hoffmann: yadda bincike a kan fara da ƙuda ya kai shi ga kyautar Nobel ta likitanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin ƙananan halittu. A darasin garkuwar jiki an ambaci wani masani daga Faransa, Jules Hoffmann, wai ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2011 da bincike a kan ƙuda. Wane ne shi, me ya gano takamaimai, kuma yaya aka yi gwajin? Ina haɗin ƙuda da jikin ɗan Adam?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kafin mu shiga rayuwarsa, bari mu daidaita magana a kan garkuwar jiki, don in ba haka ba darajar aikin ba za ta fito ba.

Garkuwar jikin ɗan Adam iri biyu ce. Akwai ta koyo, wadda sel ɗin B da na T ke gudanarwa: tana ɗaukar kwanaki kafin ta kammala shiri, tana ƙera antibodi daidai da cutar da ta shigo, kuma tana tuna ta bayan shekaru. Akwai kuma ta asali, wadda ake haifar halitta da ita, mai tashi cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 yawancin masana sun ɗauki ta asalin a matsayin abu mara wayo, sel masu haɗiye duk abin da suka tarar. Ba wanda ya san da me take gane cewa baƙo ya shigo. Kwari kuwa ba su da antibodi, ba su da sel ɗin B ko T, garkuwar asali kaɗai gare su, kuma da ita suke rayuwa cikin juji da ruɓaɓɓen nama. Shi ya sa kwaro ya zama wurin da ya fi dacewa a yi wannan tambaya.

An haifi Hoffmann ranar 2 ga Agusta 1941 a garin Echternach na ƙasar Luksamburg. Mahaifinsa malamin makaranta ne mai tattara kwari yana nazarinsu, kuma a hannunsa ya soma koyon aikin. Ya tafi Jami'ar Strasbourg a Faransa, ya shiga ɗakin binciken Farfesa Pierre Joly, ya kammala digirin digirgir a 1969, ya zama ɗan ƙasar Faransa a 1970. Ɗakin binciken Joly a kan fara yake aiki, nau'in Locusta migratoria, domin a wancan zamani fara babbar annoba ce a ƙasashen arewaci da yammacin Afirka da Faransa ta mulka, ana neman sanin yadda take girma da hayayyafa. Ana yawan yi wa farar tiyata, a ciro wata gaɓa daga wannan a dasa wa waccan, ba tare da tsaftace kayan aiki irin na asibiti ba, amma raunin ba ya ruɓewa. Joly ya ba shi aikin gano dalili.

Hoffmann ya bi sel ɗin jinin farar har zuwa inda ake ƙera su, wani nama da ke kusa da jijiyar baya wadda ke yi wa kwaro aikin zuciya. Da ya haska wurin da hasken eksire ya lalata shi, sai abu biyu suka faru: bakteriya suka cika jinin farar ta mutu, waɗanda suka ɗan jima kuma suka kasa yin saɓa. Abu na biyun ya ja shi zuwa nazarin homon ɗin saɓa, ecdysone, har ya je Marburg a Jamus a 1973 wajen Peter Karlson, gwanin wannan homon. Shekaru da yawa rabin hankalinsa na can. A 1978 ya gaji kujerar Joly.

A daidai wannan lokaci Hans Boman a Suwidin ya buɗe hanya. A 1972 ya nuna cewa in aka yi wa ƙuda allurar bakteriya marasa kisa, jininsa na samun ƙarfin kashe bakteriya, a farkon shekarun 1980 kuma ƙungiyarsa ta ware cecropin daga wani babban malam-buɗe-littafin dare. Gajeren furotin ne mai huda fatar bakteriya. Hoffmann ya mayar da ɗakin bincikensa ga wannan fage, kuma zaɓin da ya yi na farko yana da hikima: bai soma da ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace ba, ya soma da babban ƙudan nama, Phormia terranovae, wanda tsutsarsa ke ba da jini isasshe. Ana soka wa tsutsa allura mai bakteriya, a jira kwana guda, a tatsi jinin, a rarraba furotin ɗin da ke ciki da na'urar tacewa, a ɗiga kowane kaso a kan faranti mai bakteriya, a duba inda aka samu da'irar da ba abin da ya tsiro. Ta haka suka samu diptericin a 1988, mai amino asid 82 (tubalan da ake gina furotin da su), mai kashe bakteriya marasa riƙe launin Gram (rinin da ake raba bakteriya gida biyu da shi), sannan defensin na kwari a 1989, mai amino asid 40, mai kashe masu riƙe launin. Wurin ƙera su shi ne dunƙulen kitsen da ke cikin kwaro, wanda ke yi masa aiki irin na hanta, yana zuba su cikin jini.

Wajen 1990 Hoffmann ya yanke shawarar da a ganina ita ce mafi girma a duk aikinsa: ya ajiye fara da homon ɗin da aka san ɗakin da su, ya koma kacokan ga ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila melanogaster. Dalili shi ne ƙwayoyin gado. Wannan ƙuda na kammala zagayen rayuwarsa cikin kimanin kwana 10 a zafin digiri 25, kuma masana sun riga sun tara dubban zuriyoyi masu tawaya, wato lahani, a ƙwayar gado ɗaya ɗaya. Ƙarancin jininsa ne matsalar, sai da aka soki dubun dubatar ƙudaje da hannu kafin a samu abin da za a tace. A 1994 suka fitar da drosomycin, mai amino asid 44 da gada huɗu na sulfa, wanda ba ya taɓa bakteriya amma yana hana fumfuna tsiro, kuma siffarsa ta yi kama da wani furotin kariya da ke cikin irin tsiron radish. Bayan kamuwa, yawansa a jinin ƙuda kan kai maikuromola 100, adadi mai yawa ƙwarai ga furotin guda.

Yanzu tambayar ta zama: me ke kunna ƙera waɗannan makamai? Da suka karanta jerin DNA da ke gaban ƙwayar gadon diptericin, sai suka ga wasu gajerun jeri irin waɗanda furotin NF-kappaB ke kamawa a jikin dabbobi masu shayarwa idan zai kunna kumburi. A ƙuda kuwa an riga an san ɗan'uwan NF-kappaB, sunansa Dorsal, amma a wani fage daban. Ɗakin binciken Christiane Nüsslein-Volhard a Jamus, da aikin Kathryn Anderson na 1985, sun nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna Toll ce ke nuna wa ɗan tayin ƙuda ina ne ciki ina ne baya. Saƙon na tafiya ne daga Spätzle zuwa Toll a fatar sel, zuwa Tube da Pelle a ciki, waɗanda ke sa a rushe Cactus, shi kuma Cactus shi ke riƙe da Dorsal ya hana shi shiga cibiyar sel. A 1991 Nick Gay da Fionna Keith a Ingila sun lura cewa wutsiyar Toll ta cikin sel ta yi kama da ta furotin da ke karɓar saƙon interleukin-1, wani furotin mai tayar da kumburi, a jikin mutum. Ka lura da wannan sosai, don ɗalibai na yawan kuskure a jarrabawa: Hoffmann ba shi ya gano Toll ba. Abin da ɗakinsa ya gano shi ne aikin Toll na biyu, a jikin baligin ƙuda.

Da farko gwajin ganin ko hanyar Toll ce ke kunna makaman ya ƙi. An soki ƙudaje masu tawayar Toll da Dorsal, aka auna diptericin, ya tashi lafiya lau. Da an tsaya nan, da an rubuta cewa Toll ba ruwansa da garkuwa. Matsalar ita ce ana auna makamin da ba Toll ke kunna shi ba. Bruno Lemaitre, matashin masanin ƙwayoyin gado da ya shigo ɗakin a 1992, ya ci gaba da gwada zuriyoyi har ya samu wata da ba ta ƙera diptericin. Zuriyar an ajiye ta ne saboda wata tawaya da aka sani, mai baƙanta wasu sel na jini, amma da ya yi ta haɗa aure yana rarrabewa sai ya ga laifin ba na wannan tawayar ba ne, akwai wata ta biyu ɓoye kusa da ita a kan kuromozom ɗin. Aka raɗa mata suna imd, aka buga a 1995. Ƙudajen imd na mutuwa in aka sa musu bakteriya marasa riƙe launin Gram, amma suna ƙera drosomycin ba matsala. Ashe hanyoyi biyu ne. Da aka koma kan masu tawayar Toll aka auna drosomycin, sai ga shi bai tashi ba.

Ga yadda ake yin irin wannan gwaji, da wuraren da yake lalacewa.

Samun ƙudajen kansa aiki ne. Uwar da Toll ɗinta biyu duk suka lalace ƙwai take yi wanda ba ya ƙyanƙyashewa, saboda haka ba a iya ajiye zuriyar zalla. Ana riƙe tawayar tare da wani kuromozom na musamman mai hana cakuɗewa, mai alama a gashi ko fiffike, sai a haɗa zuriya biyu masu tawaya daban daban a Toll ɗin, a tsinci 'ya'yan da ba su da alamar. Haɗa tawaya biyu mabambanta na da wani amfani: yana rage haɗarin irin abin da ya faru da imd, wato a ɗora wa ƙwaya laifin maƙwabciyarta. Ana ɗaukar baligai masu kwana 3 zuwa 7, a raba maza da mata, don juriyarsu ba ɗaya ba ce. Ana sumar da su da iskar kabon dayoksaid a kan faifai ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kada su wuce 'yan mintoci a sume, in sun daɗe wasu za su mutu ba da cutar ba.

Allurar siririya ce ta ƙarfen tungsten, an fiƙe bakinta. Ana noma bakteriya dare guda, a juya su a na'urar wulwulawa su taru a ƙasa, a tsoma bakin allura cikin dunƙulen, a soki ƙuda a gefen ƙirji kusa da gindin fiffike, sau ɗaya, ba zurfi. In fumfuna ce, cikin ruwan ƙurar irinta ake tsomawa. Ana zuba ƙudaje kamar 20 a kowace kwalba mai abincin garin masara da yis da sukari da agar, a ajiye a digiri 29 in ana son cutar ta yi sauri, a sauya musu kwalba duk kwana biyu don kada su maƙale cikin abincin da ya jiƙe a ƙirga su cikin waɗanda cuta ta kashe. Waɗanda suka mutu cikin sa'o'in farko ana cire su daga lissafi, raunin allura ne ya kashe su. Dole a samu rukunin da ba a soka ba, da rukunin da aka soka da allura mai tsafta, domin rauni kaɗai na ɗan tayar da garkuwa, ga kuma bakteriyan da ke kan fatar ƙudan da allura ke turawa ciki.

Sai lokacin awo. Saƙon RNA na diptericin na kai ƙololuwa wajen sa'a 6 bayan suka, na drosomycin sai wajen sa'a 24. Wanda ya auna duka biyun a lokaci guda zai ga ɗaya ya yi ƙasa ya zaci tawaya ce. A wancan zamani da dabarar Northern ake auna yawan RNA ɗin, yanzu da dabarar PCR mai ƙirge, kuma kullum ana gwama shi da wata ƙwaya da ba ta motsi, yawanci rp49, don a tabbata an ɗora samfuri daidai. Zaɓen ƙwayar cuta ma tarko ne. Shekaru da dama ana tsoma allura cikin gaurayen Escherichia coli da Micrococcus luteus, wanda ke tayar da hanyoyin biyu gaba ɗaya ya ɓoye bambancinsu. Micrococcus na kunna Toll da kyau amma ba ya cika kisa, don haka in mutuwa kake son ƙirgawa sai ka ɗauko Enterococcus faecalis. Sannan zuriyoyin ƙuda da dama na ɗauke da bakteriyar Wolbachia a cikin sel ɗinsu, wadda aka gano a 2008 tana kare su daga wasu ƙwayoyin bairos, ke nan sai an tabbatar rukunan da ake gwadawa sun yi daidai ta wannan fuska. In kana tunanin maimaita aikin a garinmu mai zafi, na'urar daidaita zafi mai wuta tsayayya ita ce farkon abin nema: daga digiri 30 zuwa sama mazan ƙudan kan daina haihuwa, zuriyar ta ƙare a hannunka.

Sakamakon ya fito a mujallar Cell a watan Satumba 1996, da sunayen Lemaitre, Emmanuelle Nicolas, Lydia Michaut, Jean-Marc Reichhart da Hoffmann. Ƙudaje masu tawayar Toll, ko Spätzle, ko Tube, ko Pelle, da aka soka da fumfunar Aspergillus fumigatus sun mutu cikin kwana biyu zuwa uku, zaren fumfunar ya fito ya lulluɓe gawar, alhali lafiyayyu da masu tawayar imd yawanci sun rayu. Aka kuma gwada ta ɗaya fuskar: ƙudan da Toll ɗinsa ke kunne kullum, ko wanda ba shi da Cactus, yana ƙera drosomycin ko ba cuta. Cire abu ka ga aiki ya tsaya, kunna shi ka ga aiki ya tashi da kansa, wannan shi ne hujja cikakkiya a ilimin ƙwayoyin gado. A 1997 suka ƙara da kamuwa ba allura, inda ake birgima ƙudaje a kan farantin fumfunar Beauveria bassiana mai huda fatar kwaro da kanta, aka ga Toll kaɗai ya tashi. Wannan hanya ta fi sauƙi kuma ta fi aminci ga ɗalibi, domin Aspergillus fumigatus na kama huhun mai raunin garkuwa ko wanda tarin fuka ya bar wa rami, ba a buɗe farantinsa sai cikin akwatin kariya. Irin wannan fumfuna mai huda fata ce, Metarhizium, aka mayar maganin feshin fara, aka gwada shi a filayen Nijar a shekarun 1990.

To ina haɗin da mutum? Tun 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ya yi hasashen cewa dole garkuwar asali na da furotin masu gane wasu siffofi da ƙwayoyin cuta ba sa iya rabuwa da su, kuma cewa su ne ke ba garkuwar koyo izinin tashi. Shi da Hoffmann sun san aikin juna, suna cikin haɗakar bincike guda. A 1997 Ruslan Medzhitov da Janeway suka nuna cewa mutum na da ɗan'uwan Toll, kuma in aka kunna shi yana tayar da NF-kappaB da furotin B7 da sel ɗin T ke buƙata. Abin da ba a sani ba shi ne me yake ganewa. Bruce Beutler a Dallas ta Amurka ya amsa wannan a Disamba 1998, bayan shekara biyar yana bin wata tawaya a ɓerayen C3H/HeJ, waɗanda gubar LPS ta bangon bakteriya marasa riƙe launin Gram ba ta kashe su. Ya same ta a TLR4, ɗaya daga cikin 'yan'uwan Toll da ake kira TLR: amino asid guda, na 712, ya sauya daga proline zuwa histidine. Daga nan Shizuo Akira a Osaka ta Japan da wasu suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. TLR2 na gane furotin masu kitse na bangon bakteriya, TLR5 furotin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 RNA mai zare biyu, TLR7 da TLR8 RNA mai zare guda, TLR9 wani salon DNA da ya fi yawa a bakteriya. Goma ne a jikin mutum.

Akwai bambancin da littattafai da yawa ke tsallakewa. TLR na mutum shi ke taɓa ɓangaren ƙwayar cutar, ko kai tsaye ko da ɗan taimako, kamar yadda TLR4 ke buƙatar MD-2 kafin ya riƙe LPS. Toll na ƙuda ba ya taɓa ƙwayar cuta sam. Wasu furotin ne masu yawo a jini ke ganewa: PGRP-SA, wanda ɗakin Hoffmann ya bayyana a 2001, tare da GNBP1 ga bangon bakteriya, GNBP3 ga sukarin bangon fumfuna, da Persephone mai jin enzayim ɗin da fumfuna ke fitarwa. Su ke tayar da jerin enzayim masu yanka juna har a yanka Spätzle, yankakken Spätzle ne ke zama a kan Toll. Hanyar imd kuwa PGRP-LC ke buɗe ta, ta ƙare a wani ɗan'uwan NF-kappaB mai suna Relish. Kuma ba launin Gram ƙuda ke bi ba, amino asid na uku a sarƙar bangon bakteriya yake dubawa: in lysine ne Toll ke tashi, in wani mai suna DAP ne imd ke tashi. Shi ya sa Bacillus, duk da yana riƙe launin Gram, imd yake tayarwa. Abin da muka yi tarayya da ƙuda a kai shi ne cikin sel: furotin mai isar da saƙo MyD88 a duka biyun, Pelle ɗan'uwan IRAK namu, Cactus ɗan'uwan I-kappaB namu.

Amfanin da aka samu a asibiti ya fi yawa ta wajen allurar rigakafi. An daɗe da sanin cewa furotin zalla ba ya tayar da garkuwa sai an haɗa masa wani sinadari mai zaburarwa, yanzu an san dalili kuma ana ƙera sinadarin da gangan. MPL, wato LPS na Salmonella da aka rage wa dafi, TLR4 yake kunnawa. Yana cikin rigakafin Cervarix na cutar dajin bakin mahaifa, da Shingrix na ƙurajen shingles da bairos ɗin ƙarambau ke haddasawa, da rigakafin maleriya RTS,S wanda aka soma bayarwa a Gana da Kenya da Malawi a 2019, Kamaru kuma ta sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairu 2024. Rigakafin ciwon hanta Heplisav-B na amfani da gajeren DNA mai kunna TLR9. Ta ɗaya ɓangaren, Katalin Karikó da Drew Weissman sun nuna a 2005 cewa in aka sauya wasu haruffan RNA, TLR ba sa ganinsa, kuma a kan wannan aka gina rigakafin korona na RNA. Inda aka fi sa rai kuwa, wato gubar jini ta sefsis, nan aka sha ƙasa. Maganin eritoran mai toshe TLR4 an gwada shi a kan marasa lafiya kusan 2,000, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna bai rage mutuwa ba. Lokacin da mara lafiya ke isa asibiti gobarar ta riga ta kama ɗakuna da yawa, toshe ƙofa guda ba ya kashe ta.

Yaran da aka haifa ba IRAK-4 ko MyD88, waɗanda ƙungiyar Jean-Laurent Casanova ta bayyana a 2003 da 2008, sun koya mana wani abu da ƙuda da ɓera ba su nuna ba. Kusan duk TLR ɗinsu ba sa aiki, amma ba kowace cuta ke kama su ba. 'Yan bakteriya kaɗan ne masu sa mugunya, musamman Streptococcus pneumoniae, ke yi musu barazana, sau da yawa ba zazzaɓi mai ƙarfi, abin da ke sa a makara wajen ganewa. In sun tsallake ƙuruciya haɗarin na raguwa sosai.

Aikin ya kuma shiga sauro. Elena Levashina a Strasbourg, tare da ɗakin Fotis Kafatos, ta bayyana furotin TEP1 na sauron Anopheles gambiae a 2001, a 2004 kuma aka nuna yana manne wa ƙwayar maleriya lokacin da take ratsa bangon cikin sauro ya kashe ta. Da maleriyar ɓeraye aka yi wancan gwaji. A kan Plasmodium falciparum mai kama mutane ƙarfinsa ya danganta da nau'in ƙwayar, wasu na Afirka sun iya kauce masa.

Ta fuskar girmamawa, Hoffmann ya shugabanci cibiyar binciken halittu ta IBMC a Strasbourg fiye da shekara goma, ya shugabanci Majalisar Kimiyya ta Faransa a 2007 da 2008, ya samu kyautar Robert Koch a 2004 tare da Beutler da Akira, ta Balzan a 2007, lambar zinariya ta hukumar bincike CNRS a 2011, aka zaɓe shi cikin Académie française, majalisar kula da harshen Faransanci, a 2012. Nobel ta 2011 an raba ta biyu: rabi gare shi da Beutler, rabi ga Ralph Steinman wanda ya gano sel ɗin dendritic masu kai labari daga garkuwar asali zuwa ta koyo. Steinman ya rasu ranar 30 ga Satumba, kwana uku kafin sanarwa, kwamitin bai sani ba, aka bar masa kyautar.

Ba a rabu lafiya ba. Ƙa'idar Nobel ba ta wuce mutum uku, Janeway ya rasu tun 2003, aka bar Medzhitov a waje, har manyan masana garkuwa suka rubuta wasiƙar ƙorafi a mujallar Nature. Kyautar Shaw ta wannan shekarar ta haɗa Hoffmann da Beutler da Medzhitov, kuma a ganina wannan rabon ya fi kusa da adalci. Lemaitre ma ya fito fili ya ce shi ya tsara gwaje-gwajen Toll ya yi su da hannunsa, kuma shugaban nasa bai ba aikin muhimmanci ba sai da ya yi kyau. Abin da takardu suka nuna shi ne sunan Lemaitre ne a farko a 1995 da 1996 da 1997, kuma gwanintar haɗa zuriyoyi tasa ce. Haka nan ba don diptericin da drosomycin da aka sha wahalar warewa tun kafin da kuma bayan zuwansa ba, da ba shi da abin aunawa, ba don shawarar komawa Drosophila ba kuma da ba a ɗauke shi aiki a wurin ba. In za ka rubuta a takardarka, rubuta "Lemaitre da abokan aikinsa a ɗakin binciken Hoffmann, 1996".

Wani gyara ya zo daga baya da ya kamata ka sani kafin ka tsara naka gwajin. A 1996 an ɗauka rashin drosomycin ne ke kashe ƙuda mai tawayar Toll. A 2015 ɗakin Steven Wasserman a San Diego ya goge wani rukuni na ƙwayoyin gado goma masu ƙera ƙananan furotin da aka raɗa wa suna Bomanin, don tunawa da Boman, sai ƙudajen suka riƙa mutuwa da fumfuna da Enterococcus kusan kamar ba su da Toll, alhali drosomycin ɗinsu na nan. A 2019 ɗakin Lemaitre a Lausanne ya yi amfani da CRISPR, dabarar yanke ƙwayoyin gado, ya goge makaman ɗaya ɗaya da kuma a haɗe, aka ga wasu na da abokin gaba takamaimai: cire diptericin kaɗai ya isa bakteriyar Providencia rettgeri ta kashe ƙuda. Saboda haka drosomycin alama ce mai kyau ta cewa Toll ya kunnu, amma hawansa ba ya tabbatar maka cewa ƙudan ya tsira. Auna shi, sannan ka ƙirga masu rai kowace rana har kwana 7 zuwa 10 a kwalabe daban.